Rabon Karen Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi kaɗai ne Bahaushen da na sani a duk London wanda yake kwana ɗaki ɗaya da kare. A Deptford yake zaune, a wani flat na council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, can saman bene, mai lift ɗin da kwanakin lalacewarsa suka fi na aikinsa yawa. Tsohon direban bus ne. Karen kuwa ba shi ya saya ba, na matarsa ne, wata Baturiya mai ƙiba da fara'a da ya aura tun kafin a haife ni, wadda dangi ba su taɓa yafe masa aurenta ba har ta mutu. Ba su haihu ba. Ta bar masa labulaye masu furanni, da tarin kofunan shayi, da wannan kare.

Ɗan gajere ne ja-ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, bakinsa duk furfura. Yana da sunan Turanci da marigayiyar ta sa masa, amma Kawu bai taɓa kiransa da shi ba. Mutumina yake ce masa. "Mutumina, tashi mu je." "Mutumina, ka ga 'yata ta zo, matsa mata." Da Hausa yake yi masa magana, karen kuma yana ji, har ya fi 'ya'yana ji, don su ko na yi musu Hausa da Turanci suke amsa mini.

Kada wani ya ɗauka son kare nake yi. Ba na so, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Lokacin da na zo karatun nursing a gidan Kawu na sauka, kuma na sha wankin zane saboda dabbar nan. In ya nufo ni sai na tattare siket ina cewa, "Kawu, don Allah ka kira abinka." Shi kuwa ya yi ta dariya yana cewa ai gaishe ni yake yi, ni ce marar tarbiyya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne cin abincinsu. Duk sanda Kawu ya zauna a kujerarsa da kwano, loma ta farko ba bakinsa take zuwa ba. Sai ya sauke hannu gefen kujera, ko kallon wurin ba ya yi, karen ya ɗauke, sannan ya je ya wanke hannu ya dawo ya yi bisimilla. Na yi mita har na gaji.

Amma ina da ido, kuma aikin asibiti nake yi. Bayan rasuwar matarsa Kawu ya kamu da ciwon suga, gwiwoyinsa suka kumbura, ya zama ba ya son magana da kowa. Abu ɗaya ne tak yake sauko da shi daga benen nan, safe da yamma, ko ana ruwa ko ana sanyi: karen yana son fita. Ya zo ya ajiye masa igiya a kan ƙafa ya tsaya yana kallonsa, dole Kawu ya nemi takalmi. Su bi ta kasuwa, wata 'yar Ghana mai sayar da busasshen kifi ta ɗaga murya ta ce, "Baba da yaronshi, ina kwana," su wuce har bakin kogi, su zauna a benci su dawo. Likitansa da kansa ya gaya mini cewa wannan tafiyar ta fi duk magungunan da yake rubuta masa amfani. Na san tun lokacin cewa ranar da babu kare, Kawu ba zai ƙara saukowa ba.

Mutanenmu kuwa sun yi masa hukunci tuntuni. Ba wanda yake shiga gidansa. In dole ta kama, a tsaya a bakin ƙofa a gaisa ana leƙen bayansa, ana riƙe gefen riga. Shugaban masu wannan hali shi ne yayan mijina, wanda duk muke kira Yaya. Ma'aikaci ne a wani ofis a tsakiyar gari, mai kwat a ranar aiki da babbar riga a ranar Juma'a, mutum ne da in yana magana sai ka rantse shi aka bai wa riƙon addinin kowa. Na sha jin ya ce, "Gidan da mala'iku ba sa shiga, ni me zan shiga in yi?" A yi dariya. Kawu ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma lokacin da Yaya ya fara zuwa ƙasar nan da akwati ɗaya, Kawun ne ya je filin jirgi ya ɗauko shi.

Layya a London ba irin ta gida ba ce. Ba ka isa ka ɗaure rago a ƙofar flat ba, balle ka kayar da shi ka yanka. Abin da mazanmu suke yi, kafin Salla su yi hayar van su tafi wata gona a wajen gari, kowa ya zaɓi ragonsa, mai gonar ya fesa masa fenti a baya don alama. Ranar Salla bayan an sauko idi su koma, a kai ragunan mayanka, su dawo da nama a kwalaye. Yaya ne yake shirya komai, shi ke yin booking, shi ke raba nama gida-gida. Kullum ragon da ya fi kowanne girma nasa ne, sai ya dafa ƙaho an ɗauke shi hoto an tura gida. Kuma kullum in an zo rabo ana tsallake Kawu. "A kai masa ya ba kare?" in ji Yaya. Ni nake ɗiban namu in kai masa, a gaban kowa, ina jiran wanda zai ce uffan.

Abin da ya faru a gonar a shekarar da nake ba da labarinta ban gani da idona ba. Maigidana ne ya ba ni labari daga baya, bayan na matsa masa har ya rasa wurin ɓuya.

Da suka isa, sai mai gonar ya tare su da ban haƙuri. Ragon Yaya ya yi ƙoƙarin tsallake shinge da yammacin jiya, ya faɗi ya karya ƙugu, yana ta kuka, dole aka kira likitan dabbobi ya yi masa allurar da take kashe dabba ba tare da wahala ba. Gawar tana bayan rumbu an rufe ta da tamfol. Mutumin ya ce Yaya ya zaɓi duk wanda ya ga dama a madadinsa, ba zai ƙara ko sisi ba. Ya kuma ce kada kowa ya taɓa wancan, don a dokar ƙasar nan dabbar da ta mutu a gona ba a binne ta, ba a ba kowa, akwai motar da take zuwa ta ɗauke ta. Ya faɗa ya tafi loda sauran.

Yaya ya ɗaga tamfol ya daɗe yana kallon ragon. Ya ce, "Ku dubi ɓarna. Turawa komai doka, komai kada a taɓa. A garinmu mushe ai na karnuka ne, a ja shi bayan gari su yi Salla su ma." Sai wani abu ya faɗo masa, ya fara murmushi. Ya ce ai kuwa muna da mai kare. Ya zaro wuƙar da yake zuwa da ita don gyaran nama, ya cire cinya ɗaya, ya cusa a baƙar ledar shara, ya mayar da tamfol. Sauran mazan suna ta ƙyaƙyata dariya. Maigidana yana tsaye, hannu cikin aljihu.

Da suka iso gidan Kawu, Yaya ko hawa benen bai yi ba. Daga ƙasa ya kira waya, tsoho ya lallaɓo da gwiwoyinsa har bakin titi, karen yana biye. Yaya ya miƙo ledar ta tagar van ya ce, "Kawu, barka da Salla. Bana ba mu manta da gidanka ba. Rago ne ya mutu kafin a yanka, mu bai halatta mana ba, ga rabon mutumin naka." Aka ja mota ana dariya.

Ina wurin aiki a Camberwell, don ranar ban samu hutu ba, Kawu ya kira ni. Na daɗe ban ji muryarsa haka ba.

"'Yata, kin san wa ya zo ƙofata yau? Yayan mijinki, da kansa."

"Ya shigo?"

"A'a, suna sauri. Amma ya kawo wa Mutumina cinya guda, wallahi ta fi hannuna tsawo. Kin gani ko? Na gaya miki a hankali za su sauko."

Na ce, "Kawu, mushe fa suka kawo maka ranar Salla. Cin mutunci ne."

Ya ce, "Ke dai kin cika zafi. Mutumin da ya tuna da karenka ai ya tuna da kai." Ya ce yau Mutumina ya riga ya ƙoshi, ya sa a firij, gobe zai dafa masa. Ni a tunanina ragon da kansa ya mutu, irin na gida da yake cin leda ya kumbura. Na ce to ya dafa sosai ya dahu, na kashe waya ina tsaki.

Da yammar nan duk muka haɗu a gidan Yaya kamar yadda aka saba. Mata muna kicin ana suya, yara suna guje-guje, hayaƙi ya sa alarm ɗin gobara yana ta ƙara ana kaɗa masa tawul. Maza suna falo. A nan ne wayar Yaya ta yi ƙara, ya fita baranda, maigidana ya bi shi. Mai gonar ne. Motar ɗaukar gawa ta zo an ga babu cinya ɗaya. Mutumin bai yi zagi ba, roƙo ya yi. Ya ce duk wanda ya ɗauka, don Allah kada ya bari wani abu mai rai ya ci, domin maganin allurar yana nan cikin naman, dafuwa ba ta fitar da shi, kuma abin da ya kashe rago ba zai bar kare ko kyanwa ba. Ya ce a dawo da shi, in ba haka ba dole ya kai rahoto.

Yaya ya gyara murya ya amsa da Turancinsa na ofis, ya ce bai san zancen ba, kuma bai ji daɗin a zarge su da sata a ranar ibadarsu ba. Ya kashe.

Maigidana ya ce, "Yaya, a kira Kawu."

"A ce masa me? Tsohon nan ba ya riƙe magana. Gobe ya kwasa ya kai wa vet, likitan karen nasa, jibi ka ga council a ƙofata, magana ta kai ofis. A kan kare? Kare ne fa. A gida mushen jaki suke ci su tashi suna haushi."

Maigidana ya bar maganar, domin ƙane ne, kuma tunda aka haife shi bai taɓa cewa Yaya a'a ba. Suka dawo falo suka ci soyayyar hanta. Na tuna ni ce ma na miƙa musu yaji. A lokacin cinyar tana kwance a firij ɗin Kawu ba a taɓa ta ba, waya kuma tana aljihun kowannensu.

Washegari da la'asar Kawu ya sake kirana. Ya ce, "Mutumina ya ƙi tashi." Ya ce ya dafa naman da hantsi, ya bari ya huce, ya yayyanka masa ƙanana saboda haƙoransa. Karen ya ci har yana lashe kwano. Can ya fara tangaɗi kamar mai maye, ya faɗi, ya tashi, ya je gefen kujera ya kwanta. Kawu ya ɗauka ƙoshi ne, har yana tsokanarsa wai ɗan Salla ya sha nama. Sai da lokacin fita ya yi, ya kaɗa igiya, kunnen nan mai tsayuwa bai motsa ba.

Na bar abin da nake yi na kama bus. Lift a lalace, kamar kullum. A tsakiyar bene na same shi zaune a kan matakala yana haki, ya naɗe karen a tawul ya rungume, gwiwoyinsa sun ƙi kai shi ƙasa. Ya ɗago ya dube ni, ya san halina, bai ce in karɓa ba. Na karɓa. Ranar na fara taɓa karen nan da hannuna. Jikinsa sanyi, numfashinsa sama-sama, harshe a waje. Mai taksi na farko ya ga abin da nake ɗauke da shi ya ja motarsa, na bi shi da zagin da ban san na iya ba. Na biyu ya ɗauke mu.

Likitar dabbobin yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba. Sun shiga da shi ciki, sun yi abin da za su iya. Kawu yana zaune a kujerar roba da hularsa ta Salla, yana juya igiyar a hannu. Da ta fito ba sai ta faɗa ba. Ta zauna kusa da shi ta ce ya tafi, bai ji zafi ba, barci ya yi. Sannan ta ce alamun da ta gani irin na maganin da suke kashe dabbobi da shi ne, kuma kare ba ya samun wannan sai in ya ci naman dabbar da aka yi wa allurar. Ta tambaya me ya ci, daga ina.

Na ga lokacin da Kawu ya gane. Bai yi motsi ba, fuskarsa ce kawai ta zube. Ni kuwa jinina ya hau, na buɗe baki na ce, "Yayan miji..." Ya damƙe mini hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya ce da Hausa, a hankali, "Rufe bakinki. Kina da aure a gidan nan, kina da 'ya'ya."

Ya juya ya gaya mata da Turanci cewa a leda ya tsinci naman, kusa da kwandunan shara na bayan kasuwa, ya ga da kyau, ya ga kada a yi asara.

Har yau ina ganin kallon da yarinyar nan ta yi masa. Ta janye hannunta daga kafaɗarsa. Ta yi masa bayani a hankali, kalma-kalma, yadda ake yi wa wanda aka raina hankalinsa: ba a ba dabba naman da ba a san asalinsa ba, irin wannan gawar laifi ne ma ta bar gona, abincin kare ba tsada gare shi ba, in kuwa ba shi da hali akwai masu taimakawa. Ta ce dole ta sanar da hukuma don kada wani karen ya ci saura. Mutumin da yake sayen kaza ya dafa wa kare shi ya sha shayi da burodi, shi aka zaunar ana koya wa tausayi. Yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne, madam. Laifina ne."

Ya roƙa a ba shi gawar ya nemi wuri ya binne. Ta ce a'a, yanzu shi ma jikinsa guba ne, duk abin da ya tone ya ci zai mutu, akwai motar da take zuwa ta ɗauka. Muka fito da igiya da tawul.

Da na koma gida na tsare maigidana a kicin. Da farko ya ce bai san komai ba. Na ce ya dube ni ya maimaita. Sai ya zauna ya faɗi duka, har da wayar baranda, yana kuka. Kukansa bai taɓa ni ba ko kaɗan. Na ce, "Kai da wayarka a aljihu, kana cin hanta." Na ɗauki mayafi na tafi gidan Yaya.

Na same shi yana kallon labarai, matarsa tana ɗaura sauran nama a leda. Ban zauna ba. Na ce, "Yaya, an kira ka an gaya maka guba ce, kana da dare guda, ka ƙi ɗaga waya."

Ya rage ƙarar talabijin ya dube ni sama da ƙasa. "Wa ya ambaci sunana a wurin vet?"

Abin da ya fara tambaya ke nan. Na ce ba wanda ya ambata, tsohon da ka mayar abin dariya shi ya rufa maka asiri, ya ɗora wa kansa.

Ya sauke ajiyar zuciya ya jingina. "To alhamdulillahi, ya yi hankali. Ke kuma a kan kare za ki shigo gidana ba sallama ki ɗaga mini murya? Ni alheri na yi niyya. Ki duba ma da kyau, Allah ne ya raba bawansa da najasa kafin ya mutu a cikinta. Wata rana zai gode mini."

Na gaya masa abin da ya zo bakina, kuma bakina ba ya zaɓe in raina ya ɓaci. Na ce mala'ikun da yake tsoron ba sa shiga gidan Kawu, suna barandar shi Yayan ranar suna rubutu. Na ce mutumin da ya ɗauko shi daga filin jirgi ya kwana a ƙasa ya ba shi gado a tsohon gidansa, da mushe ya saka masa. Matarsa ta ce in ji tsoron Allah, yayan mijina ne. Shi kuwa ya ƙara ƙarar talabijin. Na tsane shi a ranar, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na daina ba.

Labari ya zaga, amma ba yadda ya faru ba. Abin da mutane suka ji shi ne karen Kawu ya ci wani abu a bola ya mutu. Mata suka riƙa tare ni a masallaci suna cewa, "Ashe Allah ya yaye wa Kawunki. To madalla, yanzu sai mu je mu gaishe shi." Suka kuwa fara zuwa. Aka kawo turaren wuta, aka wanke kafet, wata ta kwashe kwanonin karen ta zuba a shara ba tare da ta tambaye shi ba. Wani ya shimfiɗa darduma daidai gefen kujera ya yi la'asar, ya shafa ya ce gida ya yi haske. Kawu yana zaune yana amsa gaisuwa, yana cewa an gode, an gode. Da ɗoki ya wuce kowa ya koma harkarsa.

Bai ƙara sauka ba sai ranar asibiti, shi ma sai na zo da kaina na ja shi. 'Yar Ghanar nan mai kifi ta tambaye ni, "Ina Baba, ba na ganinshi?" Na ce yana nan. Na ce wa Kawu mu nemo wani karen, akwai gidajen da ake bayarwa. Ya ce, "A ba wa? Mutumin da ya ciyar da nasa daga bola? Ai yarinyar nan likita ta rubuta." Na ce to mu je mu faɗi gaskiya. Ya ce in na sake tayar da maganar bai yafe mini ba. Suga ya hau, ƙafafu suka ƙara kumbura, wani yatsa ya yi baƙi aka cire. Na riƙa zuwa bayan na tashi aiki in wanke masa ciwon, in same shi a kujera yana kallon labulen matarsa.

Da Layya ta zagayo, ina gidan ina canza masa bandeji aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yaya ne, cikin babbar riga, yana haki saboda bene, da kwali a hannu. Ya yi sallama da ƙarfi, ya cire takalmi, ya shigo har tsakiyar falo yana dube-dube. Tunda Kawu ya tare a gidan, ranar ya fara taka cikinsa.

"Kawu, barka da Salla. Kai, yanzu gida ya shigu. Ga cinya nan daga ragona, na ce bana ba aike, da kaina zan kawo. Uwargida ta soya maka kaɗan a sama."

Na miƙe da almakashi a hannuna. Kawu ya dube ni sau ɗaya, na koma na durƙusa kan ƙafarsa. Ya ce, "An gode, Allah ya karɓi ibada, Allah ya maimaita mana." Yaya ya zauna ya ɗan yi masa wa'azi a kan haƙuri da ciwo, ya ce ya riƙa motsa jiki, zama wuri ɗaya ba shi da kyau ga mai suga. Ya duba agogo ya ce ana jiransa a ƙasa.

Na so in wurga kwalin ta taga. Kawu ya ce naman Layya ne, ba a wulaƙanta shi, in zuba masa kaɗan. Na zuba a kwano na ɗora masa a cinya na koma kicin ina wanke hannu. Da na juyo sai na ga ya ɗauki tsoka ta farko, ya sauke hannu gefen kujera, idonsa a kan taga. Hannun yana nan a ƙasa, yana jira. Mai ya gangaro ta yatsunsa ya ɗiga a kan kafet ɗin da aka wanke. Can ya waiwaya ya dubi wurin, ya dubi naman, ya mayar da shi kwano a hankali.

"Ɗauke, 'yata," ya ce. "Na ƙoshi."